Kafin ka shimfiɗa sabon daɓe a kan katakon da ka cire wa tayil

Ka tambaye ni, ɗana, tun da ka gama ɓamɓare tsohon tayil kuma katakon ƙasa ya fito fili, ko share wurin kawai za ka yi ka fara shimfiɗa sabon daɓen. Dakata tukuna. Duk tudu da kwarin da ka bari a ƙasa, sabon daɓen zai fito da shi ko ba jima ko ba daɗe.

Fara da ragowar simintin da ya manne. Ka sa kurfi mai faɗin baki, ka kwantar da shi sosai, kana bugawa a hankali; in ka tsayar da shi, katakon za ka sassaƙe. Ƙurar simintin nan tana yi wa huhu illa, don haka ka ɗaura takunkumi na kirki. Amma in ka ci karo da baƙin gam mai kama da kwalta, ko tsohon tayil na roba mai inci 9, ka ajiye sanfefa da injin gurza. A tsofaffin gine-gine, irin waɗannan kayan kan ƙunshi asbestos, wani ma'adini mai cutar da huhu, kuma gurzawa ce ke tayar da shi cikin iska. A gwada shi kafin kowa ya taɓa.

Idan wuri ya yi fes, ka bi ɗakin kana takawa sannu sannu, kana kasa kunne. Inda ya yi ƙara ko ya lotsa, katakon ya saki manyan katakan da ke ɗauke da shi. Kada ka ƙara ƙusa, ƙusa ce ta kwance tun farko. Sukuru za ka ɗaura, tazarar santimita 15 a gefuna, 30 a tsakiya, kan kowanne ya ɗan nutse. Ka san inda bututu da waya suka bi kafin ka huda.

Wurin da na fi so ka natsu shi ne gindin masai, ƙarƙashin famfo da bakin ƙofa. Ruwa yakan bi ta tsagin tayil shekara da shekaru ba wanda ya sani. Katakon kan yi duhu, wani lokaci sai ka ga samansa lafiya lau, ciki kuwa ya ruɓe. Soka masa sukudireba. In ta shige ba gardama, ka yanke wurin har zuwa tsakiyar babban katakon ƙasa, don sabon guntun ya sami mazauni, kaurinsa daidai da na tsohon, da ratar milimita 3 a tsakaninsu saboda katako yana kumbura. Yoyon da ya jawo ɓarnar kuwa, a toshe shi tukuna.

Danshi kuma ba a auna shi da tafin hannu. Sa na'ura: kada ya wuce kashi 12 cikin 100. In daɓen katako za ka shimfiɗa, bambancin danshinsa da na katakon ƙasa kada ya haura kashi 4, ko 2 in falankin mai faɗi ne.

Sai daidaito. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 3, ka durƙusa, ka haska tocila ta bayansa. Hasken da ya leƙo ta ƙasa shi ne kwarinka. Ratar da ta kai milimita 5 sai an gyara, manyan tayil ma 3 ce iyakarsu. Tudu ka gurza, kwari ka cike da simintin faci wanda aka yi domin katako. Masu rufe rami da soson da ake shimfiɗawa ƙarƙashin daɓe ba na tare da su, domin da an taka, mahaɗar daɓen ce ke karyewa.

In fuskar katakon ta yage da yawa, ka lulluɓe da filawud mai milimita 6, mahaɗarsa ta kauce wa ta ƙasa, ka kuma duba ko ƙofa za ta buɗe bayan ƙarin tsayin. Daga nan ka zuƙe ƙura, ka shafa da hannu lungu lungu, ka kira ni in duba.