Hodar jan ƙarfe ta kashe ƙwayoyin cuta a faranti, ko in bai wa kawuna ya shafa a gyambo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibin digiri na biyu ne a kimistiri nan Samaru. Na haɗa jan ƙarfe Cu(II), wato mai caji biyu, da fenantirolin, wani sinadari mai kama ƙarfe, hodar ta fito amma ta ƙi narkewa a ruwa sai a DMSO, wani ruwan sinadari da ake narka abubuwa a cikinsa, kuma awon maganaɗisu ya ba ni 1.9 maimakon 1.73, hankalina duk ya tashi ko aikin ya lalace ne. Sannan ta kashe ƙwayoyin cuta sosai a farantin da ake renon su a ɗakin gwaji, har kawuna mai gyambo a ƙafa ya ce in sam masa ya shafa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Aikinka lafiya lau yake. 1.73 lissafin ilektiron ɗaya tilo ne a takarda, a zahiri Cu(II) tsakanin 1.8 da 2.2 yake bayarwa. Da ya sauka wajen 1.4 kamar na asitet ɗin jan ƙarfe ne za mu ce atom biyu sun haɗa kai. Ƙin narkewa kuwa ba abin mamaki ba ne, fenantirolin zobba uku ne a shimfiɗe, sai su yi ta hawa kan juna kamar an jera faifai kan faifai, tazarar kusan angistirom 3.4 a ma'aunin tazarar atom, ruwa bai samun hanyar kutsawa. Kar dai ka yi saurin rubuta cewa siffar daidaitacciya ce, d9 ne, wato ilektiron tara ne a layinsa na d, irin wannan kuwa sai siffarsa ta karkace, abin da ake kira Jahn-Teller, kuma in fenantirolin biyu suka kama jan ƙarfe ɗaya sukan tokari juna har ya koma riƙe atom biyar.

Amma maganar kawu ce ta hana ni sukuni. Don Allah kar ka ba shi, ko ƙwayar zarra. Wallahi na gaji da wannan abu, duk shekara sai ɗalibi ya zo min da faranti yana murna yana nuna min fili fetal babu ƙwayar cuta da ya zagaye ramin da ya ɗiga sinadarin, ya sa rula ya auna, shi ke nan wai ya gano magani, wani ma har masu tallan maganin gargajiya a mota da lasifika sun fara zuga shi su yi kasuwa. To ruwan batir ma in ka ɗiga a farantin haka zai share su, ka taɓa jin an zuba shi a gyambo? Tun 1979 David Sigman a Amurka ya nuna cewa wannan haɗin na jan ƙarfe da fenantirolin datse DNA yake yi, yana komawa Cu(I) mai caji ɗaya, ya maƙale a jikin zaren, ya haɗu da sinadarin H2O2, wato haidurojin feroksaid, ya yanka shi, kuma babu ruwansa da zaren ƙwayar cuta ne ko na ɗan Adam. Faɗin zobban nan da son maiƙonsu shi ke shigar da jan ƙarfen cikin ƙwayar halitta, ta kawu ma haka zai shige ta. Ga DMSO da ke ratsa fata ya ja abin da aka narka a cikinsa zuwa jini, jan ƙarfe kuwa in ya yi yawa hanta yake ci. Kai kanka in ya ɗiga a safar hannunka cire ta nan take.

Kawu ka ɗauke shi ka kai shi asibitin Shika a duba ƙafar, a kuma auna masa suga, don gyambon da ya ƙi warkewa sau da yawa daga nan yake. Kai kuma ka sake gwajin da rami ɗaya na DMSO zalla, ɗaya na fenantirolin kaɗai, ka turo min sakamakon.