Hawainiyata ta yi baƙi, tana faɗowa daga reshe: in ƙara mata zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina kiwon hawainiya irin ta ƙasar Yaman, mace ce, watanta kamar tara. Tana cikin akwatin gilashi da na ajiye a bakin taga don ta riƙa samun rana. A saman akwatin akwai ƙwan fitila mai zafi, da dare kuma ina kunna mata jan ƙwai saboda sanyi. Gyare nake ba ta, ruwa kuma a ɗan kwano. Kwanan nan ta yi baƙi, tana rufe ido da rana, tana buɗe baki a ƙarƙashin fitila, harshenta ba ya kaiwa ga ƙwaro, ƙafafunta na gaba sun lanƙwashe, har faɗowa take daga reshe. Yanzu kuma ta fara sauka ƙasa tana tono. In ƙara zafin fitilar ne, ko in ɗiga mata bitamin a baki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara zafin, bitamin ɗin ma ka dakata da shi tukuna. Ƙafa ta lanƙwashe, riƙo ya yi rauni, harshe ya daina kaiwa: waɗannan ukun idan suka haɗu, abin da za a fara zargi shi ne ciwon laushin ƙashi, kuma yana cikin cututtukan da suka fi kama hawainiyar da ake kiwo a ɗaki. Ba ƙarancin zafi ke jawo shi ba. Wani irin haske ne ta rasa, wanda babu shi a fitilunka biyun nan.

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da idon mutum ba ya gani, ana kiransa UVB. Idan ya sauka a fatar hawainiya, da shi jikinta ke haɗa bitamin D3, shi kuma D3 shi ke sa hanji ya iya tsotse kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga abinci. In babu shi, ko nawa ta ci na kalsiyam yawancinsa wucewa zai yi. Jini kuwa ba ya jure ƙarancin kalsiyam, domin da shi tsoka ke motsi, da shi zuciya ke bugawa. Sai jiki ya koma yana ciro shi daga ƙashi a hankali, har ƙashin ya yi laushi ya lanƙwashe ko ya karye. Harshen ma a kan wani siririn ƙashi na maƙogwaro yake ɗore, tsoka ce ke harba shi, shi ya sa yakan kasance cikin abubuwan da ke fara gazawa. Hawainiya mai tasowa, kuma mace, ta fi kowa buƙatar kalsiyam, saboda ga girma ga ɓawon ƙwai.

Dabararka ta bakin taga, niyyar mai kyau ce, amma gilashi yana tare kusan dukkan UVB. Zafi da haske ne kawai ke ratsawa. Ga gilashin taga, ga na akwati, abin da ke isa gare ta bai taka kara ya karya ba. Akwai ma haɗari: akwatin gilashi da rana ta doka kai tsaye yana iya ɗaukar zafin da zai kashe ta cikin ɗan lokaci. Ka ɗauke shi daga wurin yau.

Abin da take buƙata doguwar fitilar UVB ce, irin wadda ake kira T5, mai ƙarfin kashi 5 ko 6 cikin ɗari. Samfuran Arcadia da ReptiSun suna cikin sanannu. A ɗora ta a saman raga, kada gilashi ko roba su shiga tsakani, reshen da take shan haske ya kasance kimanin santimita 20 zuwa 30 a ƙasa. Ni ba na ba da shawarar ƙananan murɗaɗɗun ƙwai na UVB: haskensu a wuri ɗaya yake taruwa, kusa ya yi yawa har ya iya ɓata ido, ɗan nesa kaɗan kuma babu komai. Sannan ka rubuta ranar da ka fara kunna ta a jikin fitilar, domin UVB ɗin yana raguwa alhali fitilar tana ci gaba da haske kamar lafiya lau. Ta T5 a canza ta bayan kamar shekara guda, tsohuwar samfurin T8 bayan wata shida. Wanda ya samu na'urar awon ƙarfin wannan haske irin Solarmeter 6.5 ya huta da kintace, sai ya nemi awon ya nuna kusan 3 a kan reshen. Awa 12 a kunne, awa 12 a kashe. Idan yanayi ya ba da dama, fitar da ita waje cikin kejin raga na rabin awa, da inuwar da za ta iya shiga kuma kana tsaye a wurin, ya fi kowace fitila.

Wannan ya kawo mu kan akwatin kansa. Hawainiya dabbar bishiya ce, tana son tsawo da iska mai ratsawa. Kejin raga mai faɗin santimita 60 kowane gefe da tsawon 120 shi ne abin da aka saba ba babbar ta Yaman, da rassa da ganye masu yawa da za ta ɓuya. Ka tabbatar shukar ba mai guba ba ce, don wannan jinsin tana ɗan cin ganye.

Batun zafi, ka auna, kada ka kintata da hannu. Ka sa ma'aunin zafi daidai inda bayanta ke kaiwa a kan reshe. Digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salsiyas ya ishi babba, mace da ƙarama ma gara a tsaya wajen 28 zuwa 29. Sauran kejin ya zama tsakanin 22 da 27, ƙasa ya fi sama sanyi, domin ta zaɓi inda take so. Buɗe bakin da take yi a ƙarƙashin fitila, mafi yawan lokuta cewa take zafi ya yi yawa, ka ga kenan ƙara shi zai daɗa dagula lamarin. Baƙin da ta yi ma ba hujjar sanyi ba ne shi kaɗai. Gaskiya ne takan yi duhu da safe don ta kwashi ɗumi, amma ciwo da tsoro ma suna sa ta duhu, kuma wadda ta wuni a haka jikinta ne ba daɗi. Ƙwan zafin ya kasance a wajen keji, da tazara, domin hawainiya takan zauna har ta ƙone ba ta matsa ba. Ka duba tozon kanta da gadon bayanta, in ka ga tabo mai launin toka ko baƙi wanda ba ya canzawa, ƙuna ce. In kuma ɗakin da kansa yana kaiwa digiri 30 da rana, kashe ƙwan zafin gaba ɗaya, ka bar UVB kaɗai. Waɗannan alƙaluman na ta Yaman ne da irin ta Madagaska mai launuka. Mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya ta fi son sanyi, zafin da ya yi wa waɗancan daidai yana wahalar da ita.

Jan ƙwan dare kuwa, cire shi. Tana ganin haskensa, yana hana ta barci. Sanyin dare alheri ne gare ta, digiri 16 zuwa 20 babu matsala ko kaɗan. Sai in ɗakin yana sauka ƙasa da 12 za a nemi abin ɗumama wuri marar haske.

Rufe ido da rana ba barci ba ne, lafiyayyar hawainiya ba ta yin sa. Yana iya zama rashin barcin dare, ko ƙarancin bitamin A, ko ƙishirwa, ko kuma nauyin ciwon ne kawai. A wurinka ina zargin akwai ƙishirwa a ciki, domin hawainiya ba kasafai take gane ruwan kwano ba, ɗigon da ke kan ganye take lasa. Ka riƙa fesa wa ganyayen ruwa na minti biyu zuwa uku da sassafe kafin fitilu su kama, da kuma bayan an kashe su, da rana ka ɗora ɗan mazubi mai ƙaramin huji yana ɗiga a kan ganye. Ka bar kejin ya bushe a tsakani, domin zafi da laima da rashin iska idan suka haɗu ciwon huhu suke kawowa. Kashinta zai gaya maka gaskiya: farin ɓangaren da ke fita tare da shi ya kamata ya zama fari ko ya ɗan yi ruwan madara, in ya koma ruwan lemo gaba ɗaya, ruwa ya yi ƙaranci. Kada ka ɗura mata ruwa da ƙarfi, yana iya bi ta huhu. In kuma ka ji ƙara a numfashinta, ko ka ga yawu mai yauƙi, ko tana ɗaga hanci sama tana buɗe baki nesa da fitila, to wannan buɗe bakin na huhu ne. Farin gishirin da kan taru a bakin hanci shi ba ciwo ba ne.

Gyare yana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, don haka shi kaɗai ba ya gina ƙashi. A ciyar da ƙwarin da ganye mai duhun kore da karas da kabewa kwana ɗaya kafin a ba ta su, a barbaɗa musu garin kalsiyam marar D3 kusan kowane ci, sannan garin bitamin mai ɗauke da A da D3 sau biyu a wata. Abin da ya sa na hana ka ɗigawa a baki shi ne waɗannan bitamin biyun a jiki suke taruwa, ba sa fita da fitsari, yawansu yana lalata ƙoda.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shi ne tonon. Macen Yaman tana yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba, sau da yawa ashirin zuwa saba'in a ɗauka ɗaya, kuma watanninta sun kai. Naƙuda aikin tsoka ne, tsoka kuma da kalsiyam take aiki. Wadda ƙashinta ya riga ya yi laushi tana iya kasa fitar da ƙwan, wannan kuwa yana kisa. Ka sa mata bokiti mai zurfin santimita 25 zuwa 30 cike da yashi mai ɗanshi, wanda in ka haƙa rami ba zai rufta ba, ka rufe gefen kejin da ƙyalle, ka daina leƙe, domin in ta ga ana kallonta takan bar ramin.

Duk da haka, gyaran fitila ba zai wadatar ba a matakin da ta kai. Ka kai ta wurin likitan dabbobi da ya san masu rarrafe cikin kwana ɗaya ko biyu. Hoton ƙashi zai nuna laushin ƙashin, da karaya in akwai, da ƙwan da ke ciki, sannan a ba ta kalsiyam na ruwa ko allura daidai nauyinta. Ƙashi yana sake ƙarfi cikin makonni zuwa watanni, amma abin da ya riga ya lanƙwashe yawanci haka zai zauna, kuma da yawa suna rayuwa lafiya a hakan. Kafin ku je, ka sauko da rassan ƙasa-ƙasa, ka shimfiɗa tawul a gindin keji saboda faɗuwa, ka rage ɗaukarta, in ta kama dole ka bari ta hau hannunka da kanta, kada ka fizge ta daga reshe. Ka tafi da sabon kashinta don a duba tsutsar ciki, da hoton kejin, da kwalayen fitilun da kake amfani da su.