Amsa ga mai tambayar mastar a zanen gine-gine

Ƙanena, na ga tambayarka: ka gama lisans, kana son mastar a zanen gine-gine, kana wasi-wasi tsakanin Lome da Zariya, kuma wa ke zaɓa wa ɗalibi abin da zai bincika.

Da ta ƙarshen zan fara, don nan na yi tuntuɓe. A lisans malami ke ba ka fili, kai dai ka zana. Mastar shekara 2 ce, ta biyun kusan duk sitaj ne da rubutun kammalawa, kuma in ba ka zo da tambayarka ba, ta wani za a rataya maka. Ni wata biyar na kwashe ina zana dogon bene mai gilashi, sai wani dattijon malami ya ɗora yatsa kan bangon yamma ya ce, "A garinku, watan Afrilu da la'asar, in aka ɗauke wuta, wa zai zauna nan?" Na yi tsuru-tsuru.

Da na dawo Maradi hutu sai na liƙe wa wani tsohon magini. Shi ya nuna mini yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu kafin a murza tubali, da dalilin da ya sa ake yin azara da giginya: gara ba ta cika cin ta ba. Ya ƙwanƙwasa gindin wani zaure da sandarsa, ƙasa ta zubo, ya ce ba ruwan sama ke kayar da soro ba, wanda indararo ya zubar ya kwanta a gindi ne. Nan na samu abin bincikena. Garin da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa ya hau tudu, ai maganar ruwa ba baƙuwarsa ba ce.

Kada ka raina irin wannan. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, yana ɗalibi a Berlin ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001, ya zo ya ci Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Mariam Kamara kuwa, 'yar Nijar da ta yi mastar ɗinta a Amurka, garin Dandaji na jihar Tawa ta zo ta yi aiki da ƙasa, aka mai da tsohon masallacin da magini Falke Barmu ya gina ɗakin karatu.

Batun makaranta kuma: EAMAU, makarantar zanen gine-gine ta Lome, da Faransanci ake karatu, ta hanyar gasa ake shiga. Jami'ar Ahmadu Bello ta fi kusa, amma sai Turancinka ya zauna, kuma ka tambayi ƙungiyar masu zanen gine-gine ta ƙasarmu matsayin takardar tun kafin ka biya ko dala. In ginin ƙasa ya kama ranka, akwai CRAterre, cibiyar binciken ginin ƙasa a Grenoble ta Faransa, bayan mastar.

Kowacce ka zaɓa, fara duba abin da malamanta ke bincike a kai. Hutun nan kuma ka ɗauki ma'auni da littafi, ka auna zaure uku a unguwar Bagalam, ka tafi da su.