Tambaya da Amsa: Baƙin man nan mai tsada na ƙananan kamfanoni, ya cancanci kuɗinshi kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba mai gareji, ina wuni ya aiki ya zafi. Ni ɗan kasuwa ne nan Maradi unguwar Ali Ɗan Sofo nike, ina da Corolla ƴar 2008 wadda nike zuwa Ɗan Isa da ita kusan kullum wani lokaci har Damagaram, ta ci kilomita wajen dubu 190. Tunda na saye ta Total Quartz nike zuba mata ban taɓa samun matsala ba, to sai wani abokina da ya dawo daga Lome ya zo da wani mai wai shi Motul 300V ya ce man da muke zubawa duk na talakawa ne, wanga shi ne masu tseren mota suke sawa kuma in na zuba sai na yi kilomita dubu 20 ban yi bidanji ba. Kuɗinshi ya kusa ninka nawa sau uku. Na kuma shiga intanet na ga ana ta yabon su Amsoil da Red Line da Royal Purple. Don Allah Baba mi ke gaskiya, in daure in saya ko in tsaya inda nike?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi ma kasuwa albarka. Tsaya inda kake. Amma bari in yi maka bayani yadda ko gobe wani ya zo maka da wani sabon suna kai da kanka za ka iya auna shi.

Waɗannan da ka lissafa ba na banza ba ne, kada in zalunce su. Motul kamfanin Faransa ne kuma 300V ɗin nan tun 1971 suka fito da shi, Amsoil da Red Line da Royal Purple kuma na Amurka ne. Galibi suna amfani da gindin mai mai tsada, wato santetik wanda ake haɗawa a masana'anta irin su PAO da esta, wanda ya fi jure wuta kuma bai saurin ƙonewa. Wanga gaskiya ne. Abin da abokinka bai faɗa maka ba shi ne don mi aka yi shi. 300V an yi shi ne don injin da za a taka shi har ƙarshen totur na wasu awoyi sannan a juye man a zuba sabo, ba don motar da ke tsayawa layi bakin iyaka inji na kunne ana jiran takarda ba. Maganar dubu 20 ɗin nan ma ban san inda ya samo ta ba don man tsere ba a san shi da daɗewa cikin inji ba, akasin haka ma aka sani.

Kowane baƙin mai abu biyu ne aka gauraya, gindin mai da kuma sinadaran da ake ƙarawa, masu wanke inji da masu hana ƙarfe cin ƙarfe da masu hana kumfa da tsatsa. To waɗannan sinadaran mafi yawansu daga hannun kamfanoni huɗu suke fitowa duk duniya, Lubrizol da Infineum da Afton da Chevron Oronite, kuma Infineum ɗin ma na Shell ne da ExxonMobil suka haɗa jari. Kenan ƙaramin kamfanin da ake yi ma kirari sau da yawa wajen manyan yake zuwa sayen kayan haɗi. Wasunsu ma manyan sun riga sun saye su, Red Line yanzu ƙarƙashin Phillips 66 yake. Su kuma manyan ba zaune suke ba, Mobil 1 tun 1974 yake kasuwa, su ne ke da kuɗin gwaji da injinan gwaji kuma da su kamfanonin motoci suke zama tun mota tana kan takarda. Shi yasa in na ji an ce man talakawa raina yake ɓaci, don ana sa mutum ya raina abin da ke yi mashi aiki lafiya lau.

Abin da nike so ka koya shi ne juya bido ka karanta bayanshi, sunan da ke gaba da kalar roba ba su ne ba. Na farko lambar kauri, irin 5W-30 ko 10W-40 ko 20W-50. Lambar da ke gaban W ɗin tana nuna yadda man yake gudu in akwai sanyi, mu nan ko a tsakiyar hunturu ba mu da irin sanyin Turai don haka ba ita ce babbar damuwarmu ba, ta biyun kuma kaurin man ne lokacin da ya kai digiri 100. Corolla irin taka galibi 5W-30 littafinta yake cewa, kuma injinta na da VVT-i, wato na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda da ƙarfin mai yake aiki ta wasu ƴan ƙananan hanyoyi, don haka wanga al'ada tamu ta duk motar da ta shigo gareji a ɗura mata 20W-50 wai ƙasarmu da zafi ban yarda da ita ba ko kaɗan. In inji ya tsufa ya fara shan mai ana iya hawa 10W-40, shi ma sai an duba. Na biyu alamar API, wato ta cibiyar man fetur ta Amurka mai tantance ingancin baƙin mai. Na motar fetur da S yake farawa, SL ya fito 2001, SM 2004, SN 2010, SP kuma 2020, kuma sabo yana maye gurbin tsoho, wato in littafinka ya ce SL ka samu SN ko SP ka wuce wurin. Na gazuwal da C yake farawa kamar CI-4. Motocin Turai kuma su Peugeot da Mercedes da Volkswagen sai ka nemi ACEA, wato alamar ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai, da lambar amincewar kamfanin motar.

Nan ma akwai wata dabara ta rubutu da ya kamata ka lura. Akwai bambanci tsakanin man da aka kai aka gwada aka ba shi lasisi ya ɗauki tambarin API, da wanda masu shi ne kawai suka rubuta cewa ya dace da kaza ko ya zarce kaza. Wasu daga cikin mayukan nan masu tsada ba su da lasisin, wani lokaci da gangan ne don sun zuba sinadarin zinki da fosforas fiye da yadda aka ƙayyade, abin yana da kyau ga tsohon inji ko na tsere amma a hankali yana kashe tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Ka ga kenan ka biya kuɗi ninki uku ka sayo abin da ba don motarka aka yi ba.

Yanzu ga inda maganar take a wajena, kuma shi ne na fi so ka riƙe. Abin da ke kashe inji a Maradi ƙura ce da zafi da daɗewa ba a yi juye ba, sai jabun mai. Watan Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, hunturu kuma ƙura kamar gari, ga hanyoyin cikin unguwa duk rairayi, ga fetur ɗin kwalba na bakin hanya da ba ka san mi aka gauraya mashi ba. Ƙurar nan in ta samu ta wuce filtar iska ta shiga cikin mai, to ko da zinariya aka yi man ya koma kamar ruwan yashi yana goge ringi da silinda, tsadar mai ba ta fidda ƙasa daga cikinshi, juye ne kawai ke fidda ta. Bara waccan aka kawo mani wata mota mai kyau mai ita ya zuba wani mai na waje mai tsada an ce mashi ya manta da juye shekara guda, da muka buɗe murfin saman inji wallahi abin da muka gani kamar kwaltar titi, baƙi ƙirin ya daskare sai da cokali yarana suka dinga kwasa, rariyar famfon mai ta toshe saura ƴan ramuka, kuma filtar iskarshi da na buga ta a ƙasa sai da ƙura ta turnuƙe mu. Mutumin nan ba rowa ya yi ba, so yake ya kyauta ma motarshi, shi ne abin ya fi ba ni tausayi.

Jabu kuma gwargwadon tsadar mai gwargwadon yadda masu cuta suke sonshi. Ka taɓa tambayar kanka yaran da ke yawo gareji gareji suna sayen bido fanko mai tsabta ina suke kai su? Man da kowa ya sani aƙalla akwai gidan mai da dila da za ka koma ma in wani abu ya faru, shi kuwa wanga da aka ɗauko cikin jaka daga wata ƙasa wa za ka kama, kuma in kana Tasawa ko Dakoro mai ya ragu ina za ka samu irinshi ka cika? Ka saya inda ka yarda da su, ka duba hatimin murfi bai taɓu ba, a buɗe gaban idonka, in an gama ka sa wuƙa ka huda bidon kafin ka bar shi.

Ni a irin aikin da kake yi ma motar nan shawarata kilomita dubu 5 ka yi juye, in santetik ne na gaskiya kuma tafiyar kwalta ta fi yawa ka iya kai dubu 7, kowane juye da sabuwar filtar mai, filtar iska kuma a duba ta kowane wata lokacin hunturu. Kuɗin bido guda na abokinka ya ishe ka juye biyu da filtocinsu har da canji. Inda zan ce mutum ya sa kuɗi a irin wancan man shi ne mai injin da aka yi ma gyaran ƙarin ƙarfi, ko mai turbo da ke jan kaya masu nauyi cikin rairayi yini guda, ko babban babur na gudu, shi ma sai in lambobin bayan bido sun yi daidai da littafinshi.

TAMBAYA: Baba ni ɗan kabu-kabu ne daga Tibiri, wani ya ba ni ragowar man mota santetik mai tsada kusan lita 2, in zuba ma babur ɗina?

AMSA: A'a ɗana kada ka zuba, ka ba mai mota. Irin baburan da kuke aiki da su inji da giya da kuloci duk mai ɗaya suke sha, shi kuma man motar zamani sau da yawa akwai sinadarin ƙara santsi a ciki don rage shan fetur, in ya jiƙa faifan kuloci sai ya fara zamewa, ka ja totur inji na kuka babur bai tafiya musamman in ka ɗauko mutum biyu da buhu. Ka nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA ko MA2 a bayanshi, wato alamar man babur da bai sa kuloci zamewa, kaurin da littafin babur ɗin ya ce, kuma tunda man da yake ɗauka bai wuce wajen lita 1 ba ga shi iska ce kawai ke sanyaya injin, kada ka bari ya wuce kilomita 1500 ba ka juye ba.