Asali ba ya tsallake ƙofar nan

Ka ce wani injiniya ya zo da takardar shugaban sashe, yana neman aron zanen gini na kwana biyu ya kai a yi masa kwafi a kasuwa, ko ka ba shi? Ɗana, ko takardar wa ya riƙo, asali ba ya tsallake ƙofar laburaren nan. Jawo kujera.

Ina da ƙuruciya irin taka wani ɗan kwangila ya zo mini, farar jallabiya, rawani, carbi a hannu. Abin da yake so zanen wani gidan attajiri ne na Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwan Sudan a bakin Bahar Maliya, hawa uku, ginin dutsen murjani, da tagogin katakon nan da ake kira roshan. Da tawada aka zana shi a kan yadi mai sitati, an auna kowace taga. Ka san Sawakin, nan kakanninmu daga Kano da Borno suke hawa jirgi zuwa Jidda. Tun da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 attajirai suka watse, gidajen suka yi ta zubewa. Ya rantse mini a kwana uku zai dawo da shi, na ba shi. Ranar ta uku kuwa ya dawo da shi a naɗe, har da ɗaurin zare, ya haɗa mini da dabino. Na yi godiya, na jefa a durowa ban warware ba.

Sai bayan shekara biyu na buɗe durowar na ga takardun da ke maƙwabtaka da naɗin sun yi ɗorawa. Na warware: kwafin amoniya ne, irin mai shuɗin layi, har gefensa ya fara ja. Ya riƙe asalin, ya bar mini gubar da ta ɓata mini wasu zane huɗu. Na je ofishinsa sau bakwai. Ya dube ni ya ce abin da na ba shi ke nan, ina shaidata? Ba ni da ita, don a rajista "zane ɗaya" kawai na rubuta, ban faɗi yadi ne ko takarda ba. Gidan kuwa yanzu tarin duwatsu ne. Har gobe in na tuna dabinon nan raina yana ɓaci.

Shi ya sa nake muku faɗa a kan rajista: girmansa, a kan me aka zana, tawada ko fensir, inda ya yage. Kwafin amoniya durowarsa daban. Kwafi mai shuɗin fage da farin layi kuma haske ne ke kashe shi, kada ka bar shi a tebur ka tafi shan shayi. Na yadi kuma ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya narkar da sitatin, ga gara da kyankyaso suna sonsa, ga laimar garin nan. Shimfiɗawa, hana ninki da salatif, wannan ko mai shara ya sani.

Ku yaran yanzu kun ɗauka da an ɗauki hoto a waya an gama. Hoto zai nuna maka ramin allurar kamfas ɗin zana da'ira, ko inda mai zane ya kankare layi ya sake?

Je ka gaya wa injiniyan ya zo Lahadi da safe da kyamararsa. Ni zan shimfiɗa, kai ka tsaya a kansa, biro kuma ya bar shi a aljihu.