Ina da ciki wata bakwai, zan iya shan haɗin kemis?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a unguwar Mabera a Sakkwato, cikina wata bakwai. Kwanan nan ciwon kai da na baya sun matsa mini, maigida ya karɓo mini haɗi a kemis. Surukata kuma ta kawo maganin zaƙi. Akwai illa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, ajiye haɗin nan tukuna. Mai kemis bai gan ki ba, kwatance aka yi masa, ya ɓare ƙwayoyi ya ƙulle a leda babu suna. Haɗin ciwon jiki kuwa da wuya a rasa diclofenac ko ibuprofen a ciki. Daga mako na 20 waɗannan suna iya taɓa ƙodar jariri har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, a watannin ƙarshe kuma su toshe wata jijiya kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai an haife shi. In akwai kafso ja da rawaya, mai yiwuwa tetracycline ne, wanda ke ɓata haƙoran yaro.

Amma ni ciwon kan ya fi damuna. Ciwon kai mai naci a wata bakwai, sai an auna jini. Hawan jinin masu ciki haka yake sallama: kai na sarawa, ido na ganin dishi-dishi, fuska da hannu su kumbura, zobe ya ƙi fita. Ƙwaya za ta kwantar da ciwon, jinin na can yana hawa, sai jijjiga ta zo. Ki je awo yau, ba sai ranarki ta zagayo ba, ko asibitin unguwa, ko asibitin Maryam Abacha, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH). A auna jini, a duba fitsari, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Ki tambaya ko lokacin Fansidar ɗinki, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga masu ciki, ya yi. Daga mako na 13 ake fara ta, wata guda tsakani, aƙalla sau 3. Paracetamol ba laifi kafin ki isa, gwargwadon ƙa'ida.

Maganin zaƙi fa? Hajiya ƙauna ce ta sa ta kawo, amma jiƙo ba shi da ma'auni, wani ma yana tayar da naƙuda kafin lokaci. Bar maigida ya yi mata bayani, ya fi sauƙi a bakinsa. Ledar haɗin kuma ki tafi da ita awo, a ga abin da kika riga kika sha.