Shin waɗanda Ingila ta kora zuwa Ostiraliya sun tafi da iyalansu?

Tambaya: Assalamu alaikum, malam. Na karanta cewa a da Turawan Ingila suna kwasar masu laifi a jiragen ruwa su kai su Ostiraliya zaman ɗauri. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne iyalansu. Idan aka kori magidanci, ko mace mai goyo, yaya ake yi da abokin zama da 'ya'ya? Ana barinsu su tafi tare, ko kuwa rabuwar ke nan har abada? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. A taƙaice, ga mafi yawansu rabuwar ke nan har abada. Tsakanin 1788 da 1868 an kai ɗaurarru kimanin 162,000 daga Birtaniya da Ayilan zuwa Ostiraliya, kusan 25,000 daga cikinsu mata ne. Hukuncin yakan kasance shekara 7, ko 14, ko rai da rai, amma gwamnati ba ta biya wa wanda ya gama wa'adinsa kuɗin jirgin komawa gida, saboda haka ko mai shekara 7 ɗin, idan ya yi sallama da mahaifiyarsa, galibi sallamar ƙarshe ce. Zan ba ki labarin wani iyali da ya tsira daga wannan rabuwa, domin yadda suka tsira shi ne zai nuna miki halin da sauran suka shiga.

A 1783 aka yanke wa wani matashi mai suna Henry Kable hukuncin rataya tare da mahaifinsa da wani mutum, saboda fasa gida da suka yi a yankin Norfolk da ke gabashin Ingila. An rataye uban da ɗayan mutumin, shi kuwa Henry aka yi masa sassauci, aka mayar da hukuncin kora zuwa Amurka. Sai dai a lokacin Amurka ta riga ta ƙwaci 'yancinta, ba ta karɓar ɗaurarrun Ingila, don haka ya ci gaba da zama a kurkukun Norwich ba tare da an san inda za a kai shi ba. Shekara guda bayan nan aka kawo wata budurwa, Susannah Holmes, wadda ita ma aka yanke wa hukuncin kisa kan satar kaya a wani gida, sannan aka mayar mata da shi korar shekara 14. A kurkukun suka san juna, suka nemi a ɗaura musu aure aka hana, kuma a 1786 ta haifi ɗa namiji da aka sa wa sunan ubansa.

A ƙarshen wannan shekarar aka zaɓi Susannah cikin matan da za a tura sabon wurin da gwamnati ta tsayar, wato gaɓar gabashin Ostiraliya. Henry ya roƙi a haɗa da shi, ba a saurare shi ba. Wani gandiroba mai suna John Simpson ne ya raka ta da goyonta a keken doki har Plymouth, inda wani tsohon jirgin ruwa da aka mayar kurkuku, mai suna Dunkirk, yake tsaye. Da suka isa, sai shugaban jirgin ya duba takardunsa ya ce sunan uwar kawai ya gani, ba shi da umarnin karɓar yaro. Aka shigar da ita ciki tana kuka, aka miƙa wa gandiroba jaririn da bai cika shekara ba, yana tsakiyar shan nono.

Ki lura, malama, shugaban jirgin bai karya wata doka ba. Abin da tsarin ya tanada ke nan, kuma da Simpson ya mayar da yaron Norwich ya damƙa shi ga hukuma, babu wanda zai zarge shi da komai. Maimakon haka sai ya ɗauki jaririn a cinyarsa ya nufi Landan, yana ba shi abinci a masaukan da ke kan hanya, ya je gidan Lord Sydney, Ministan Harkokin Cikin Gida, ya ƙi tafiya har sai da ya gan shi ido da ido. Ministan ya sa hannu a mayar wa uwa ɗanta, ya kuma yarda a haɗa da uban. Simpson ya koma Norwich ya ɗauko Henry, ya kai su Plymouth su biyu. Ni dai duk lokacin da na koma kan wannan labari, wannan mutumin ne yake fi girma a idona, domin aikinsa tsare ƙofa ne, ba a ɗora masa nauyin kowa ba, amma ya yi tafiyar ɗaruruwan mil a lokacin sanyi saboda ɗan wata ɗaurarriya.

Jaridu suka ɗauki labarin, masu hali suka yi karo-karo har fam 20, aka saya wa iyalin tufafi da littattafai da ƴan kayan amfani, aka ɗaure a ƙunshi guda aka loda a jirgi mai suna Alexander. Ayarin jirage 11 a ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip ya tashi daga Portsmouth ranar 13 ga Mayu, 1787, ya isa inda birnin Sydney yake a yau ranar 26 ga Janairu, 1788. Mako biyu bayan saukarsu, ranar 10 ga Fabrairu, limamin ayarin, Richard Johnson, ya ɗaura auren Henry da Susannah tare da wasu ma'aurata, a ɗaurin aure na farko da Turawa suka yi a ƙasar.

Da suka nemi ƙunshinsu, sai aka ce littattafan kawai aka gani, alhali kuwa dukansu biyu ba su iya karatu ba. A watan Yuli na 1788 suka kai ƙarar shugaban jirgin, Duncan Sinclair, suka sa hannu a takardar da alamar gicciye. A dokar Ingila ta wancan zamani, wanda aka taɓa yanke wa hukuncin kisa matacce ne a idon shari'a, ba ya mallakar dukiya, ba ya kai ƙara. A takardar ƙarar an fara rubuta cewa su sababbin mazauna wurin ne, sannan aka soke kalmomin ba a sa komai a madadinsu ba, aka bar gurbin haka nan. Alƙali David Collins ya saurari ƙarar, kotu ta umarci Sinclair ya biya su diyyar fam 15. Ita ce shari'ar neman haƙƙi ta farko a tarihin kotunan Ostiraliya, kuma ta nuna tun daga farko cewa wurin da kusan kowa ɗaurarre ne ba zai tafi da dokar da ta mayar da ɗaurarre matacce ba.

Gwamnatin sabon wurin tana son aure, domin ta ga mai iyali ya fi zama wuri guda ya yi noma. Wanda ya gama wa'adinsa da kyakkyawan hali ana ba shi gona eka 30, idan yana da mata a ƙara masa 20, kowane ɗa kuma a ƙara 10. Duk da haka, ɗaurarre ba ya aure sai da izinin gwamna, kuma maza sun ninka mata sau da yawa, ta yadda dubban maza suka tsufa suka mutu ba su taɓa kafa gida ba. Daga baya, a ƙarni na 19, an buɗe ƙofar kawo mata da 'ya'yan ɗaurarru masu ladabi a kuɗin gwamnati, har wasu matan da suka zo a matsayin 'yantattu suka nemi a ba su mazajensu a matsayin ma'aikatan gidansu, aka kuwa ba su. Kaɗan ne suka ci wannan moriya. Sauran matan da aka bari a Ingila da Ayilan sun zauna ba su da miji ba su da takaba, da yawa suka koma cin abincin sadakar unguwa ko gidan gajiyayyu, yayin da wasu mazajen suka sake aure a can. Abin da ya rage a hannun iyalai da dama shi ne kwabo guda: ɗaurarre yakan goge fuskar kwabon tagulla har ta yi sumul, ya zana sunansa da shekarun da aka yanke masa da ɗan saƙon kada a manta da shi, ya bayar kafin jirgi ya tashi. Akwai ɗaruruwan irin waɗannan kwabbai a ajiye a gidan tarihin ƙasar da ke Canberra.

Game da mata masu goyo da kika tambaya, wasu an bar su sun hau jirgi da ƙananan 'ya'yansu, wasu kuma sun bar su a baya. A can ma raba uwa da ɗa bai ƙare ba. A gidajen aikin mata, irin na Parramatta da na Cascades da ke Hobart, wanda aka buɗe a 1828, macen da ta yi ciki a gidan da aka tura ta aiki ana mayar da ita ta haihu, da zarar an yaye yaron a hukunta ta a kan cikin, shi kuma idan ya rayu a kai shi makarantar marayu. Jarirai masu yawan gaske sun mutu a ɗakunan Cascades masu danshi da cunkoso. Ki kuma tuna da Mary da William Bryant, waɗanda aka ɗaura aurensu rana ɗaya da su Kable. A watan Maris na 1791 suka gudu a ƙaramin kwalekwale da 'ya'yansu biyu da wasu maza 7, suka kai tsibirin Timor bayan fiye da wata biyu a teku, aka gane su aka kama. Mijin da ɗan suka mutu a Batavia, wato Jakarta ta yau, 'yar ta mutu a jirgi a hanyar Ingila, Mary ita kaɗai ce a cikin iyalin ta isa Landan a 1792.

Su Kable kuwa, Henry ya zama ɗan sanda, ya kai shugaban 'yan sandan garin Sydney kafin a sallame shi a 1802 kan saɓa dokokin tashar jiragen ruwa. Ya buɗe masauki, ya haɗa jari da wasu tsofaffin ɗaurarru biyu, James Underwood da Simeon Lord, suna ƙera jirage suna cinikin fata da man dabbobin teku, ya yi arziki sosai sannan arzikin ya ja baya. A 1811 ya koma da iyalinsa Windsor, a bakin kogin Hawkesbury. Dole a faɗi cewa gonakin wannan yanki, da duk ekokin da ake raba wa masu aure da 'ya'yansu, ƙasar mutanen Darug ce da sauran 'yan asalin wurin, waɗanda cutar agana ta yi wa mummunar ɓarna a 1789, sannan aka raba su da bakin kogin da ƙarfin bindiga. Susannah ta haifi 'ya'ya 11, ta rasu a 1825. Henry ya rasu a 1846 yana da shekara sama da 80, aka binne shi a makabartar cocin St Matthew da ke Windsor, inda aka binne ta. Jaririn nan da Simpson ya kai Landan a cinyarsa ya girma ya zama matuƙin jiragen mahaifinsa, ya rayu har 1852.